Shin Abincin Japan Ɗanyen Kifi Ne Kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Na samu tallafin karatu na gwamnatin Japan, in sha Allahu a watan Oktoba zan tafi, kuma jami'ar da aka tura ni tana jihar Akita, can arewa. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai ɗanyen kifi zan je in yi ta ci, har Hajiyarmu ta fara haɗa mini kuka da daddawa da kilishi. Wani kuma ya ce kowane yanki a can da irin abincinsa. Gaskiya ne? Me ya kawo bambancin, alhali ƙasar ba wata babba ba ce? Kuma a ciki wanne Musulmi zai iya ci?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya sa a je a sa'a a dawo lafiya. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko da gaske abinci ya bambanta daga yanki zuwa yanki, me ya haifar da hakan, da kuma yadda za ka ci ka ƙoshi ba ka taɓa haram ba. Na yi shekara biyar a jihar Nagano ina karatu a kan yadda ake tsima waken suya, kuma aikin ya kai ni gidajen masu sana'ar gargajiya a jihohi da dama, har da Akitan da za ka. Da abin da na gani da abin da na karanta zan amsa maka.

Mu fara kawar da zancen ɗanyen kifi. Akwai shi, ana ci, kuma in ka saba da kuɗinka za ka nema. Amma ba shi ne abincin yau da gobe ba. Abin da za ka tarar a gidan ɗan Japan shi ne farar shinkafa ba mai ba yaji, da ƙaramin kwano na miyar miso, wato tsimammen waken suya, da ɗan gasasshen kifi, da kayan lambu da aka jiƙa a gishiri. Sushin da duniya ta sani, wato ɗan curin shinkafa da yankan kifi a kai, abincin bakin titi ne na birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo a yau, kuma a wajen shekarun 1820 ya fito. Bai game ƙasa ba sai a ƙarni na 20, da jirgin ƙasa da firji suka wadata. Tsofaffin da na zauna da su a ƙauyukan Nagano, jihar da ba ta taɓa teku ta kowace fuska ba, sun ce mini suna yara kifin tekun da suka sani shi ne wanda gishiri ya kama har yana ƙuna a harshe.

Gaskiyarka ne, Japan ba ta kai rabin Najeriya a faɗin ƙasa ba. Amma doguwa ce siririya, kusan kilomita 3,000 daga Hokkaido, inda ƙanƙara ke rufe bakin teku da hunturu, zuwa tsibiran Okinawa, inda ake noman rake da abarba. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar duwatsu ne, sai mutane suka zauna a kwari-kwari, kowane kwari da dutse tsakaninsa da maƙwabcinsa. Ga shi kuma daga 1603 zuwa 1868 ƙasar a rarrabe take hannun sarakunan yanki fiye da ɗari biyu, da shingaye a kan hanyoyi, talaka ba ya tafiya yadda ya ga dama. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wannan abinci na gida-gida shi suke kira kyodo ryori, kuma a jihohi 47 ɗin nan babu wadda ba ta da abin da take tinƙaho da shi.

Kada ka wahalar da kanka da haddar sunaye, sun fi ƙarfin hadda. Abin da na fahimta bayan shekarun nan shi ne, kusan duk wani abincin gargajiya a Japan dabara ce da mutane suka yi don fita daga wata matsala: sanyin da ke rufe gona wata huɗu ko biyar, nisa da teku, tsadar gishiri, ko ƙasar da ta ƙi karɓar shinkafa. Wanda ba matsala ce ta haife shi ba, hanyar fatauci ce ta kawo shi. In aka ajiye maka kwano ka tambayi kanka wace matsala ce wannan, sau da yawa za ka gane daga inda ya fito ba a faɗa maka ba.

Akwai wani abu na tarihi da zai yi maka amfani a tambayarka ta uku. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu, doki, kare, biri da kaza a watannin noma, kuma da tasirin addinin Buda ƙyamar cin naman dabba ta daɗe fiye da shekara dubu. Ba wai an daina gaba ɗaya ba, mutanen duwatsu suna farautar barewa da aladen daji, har suna yi wa aladen dajin laƙabi da "kifin whale na dutse" don su halasta wa kansu shi. Sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman shanu, aka buɗe ƙofa. Shi ya sa tsohon abincinsu a kan kifi da waken suya da ganye ya ginu.

Romo, da tafiyar da ciyawar teku ta yi

Tushen girkinsu romo ne da suke kira dashi. Ba ya ɗaukar lokaci kamar romon ƙashi. Abu biyu ne manyan kayansa. Na farko kombu, wata faffaɗar ciyawar teku da ake shanyawa ta bushe kamar fata. A jiƙa ta, a ɗora a wuta, a tsame kafin ruwan ya tafasa. Na biyu katsuobushi, wato kifin katsuo, ɗan'uwan tuna, da ake dafawa, a yi masa banda sau da dama, mai kyawun ma a bar fumfuna ta hau shi a goge a shanya, a maimaita har tsawon watanni. In ya gama sai ya zama kamar itace, in ka buga guda biyu ƙara suke yi. Da wani abu mai kama da filen kafinta ake kankare shi.

Kusan duk kombun Japan, wajen kashi casa'in cikin ɗari, daga Hokkaido yake fitowa. Amma waɗanda suka fi gwanancewa da shi suna can nesa, a Kiyoto da Osaka da Toyama da Okinawa. Dalili shi ne jiragen fatake da ake kira kitamaebune, waɗanda a zamanin sarakunan yankin nan, da ake kira zamanin Edo, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 suke ɗauko kaya daga Hokkaido, su biyo gaɓar yamma suna tsayawa tashar ruwa bayan tashar ruwa, su zagayo ta Shimonoseki su sauke a Osaka. Duk inda suka tsaya sun bar ɗabi'a. A Toyama har yau ana sa yankan kifi tsakanin ganyen kombu biyu ya kwana, ruwansa ya ragu ɗanɗano ya shiga, suna kiransa kobujime. A Kiyoto ana ɗora busasshen kifin nishin na Hokkaido a kan taliyar soba. Okinawa kuwa, da ruwanta ya yi ɗumi da yawa kombu ba ya fitowa, ta hanyar cinikin da ake yi da ƙasar Sin ya shige ta, sai mutanenta suka mai da shi kamar ganyen miya, a yanka a soya.

Edo ba ta kan wannan hanya, mai kyau ya ƙare kafin ya iso ta. Ruwan yankin kuma ya fi na Kiyoto ma'adinai, kombu ba ya sakin ɗanɗanonsa sosai a irinsa. Sai mutanen gabas suka jingina da katsuobushi da baƙin shoyu, wato ruwan tsimammen waken suya mai gishiri. Har gobe in ka sayi taliyar udon a Tokiyo romon baƙi ne ba ka ganin gindin kwano, a Osaka kuwa garau yake kamar ruwan shayi marar ƙarfi. Kamfanin Nissin ma taliyarsa ta kofi mai suna Donbei iri-iri yake yi, akwai ta gabas akwai ta yamma, da ɗan harafin E ko W a jikin kofin. Ɗalibai kan yi tsarabarta don tsokanar juna.

Wani abin da zai ba ka mamaki: ɗanɗanon wannan ciyawar ya riga ya shiga kicin ɗin Hajiya. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya tace romon kombu ya gano sinadarin gulutamet ne ke ba shi wannan ɗanɗano, ya raɗa masa suna umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da Ajinomoto, farin magin da muke kira Ajino.

Gishirinsu ba fari ba ne

Ɗan Japan bai cika barbaɗa gishiri a miya ba. Gishirin yana zuwa ne ta cikin miso ko shoyu, kuma a nan ne fannina. Dukansu da koji ake farawa, wata fumfuna ce da ake renonta a kan turararriyar shinkafa ko sha'ir ko wake, a ɗaki mai ɗumi, kamar kwana biyu. Miso shi ne dafaffen waken suya da aka daka da koji da gishiri aka danne a ganga ya tsimu. Abin da ke bambanta shi uku ne: a kan me aka reni kojin, yawan gishirin, da tsawon zaman da ya yi.

Na Nagano, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa, rawaya ne mai matsakaicin gishiri. Na Sendai a arewa ja ne mai gishiri sosai, don an yi shi ne ya daɗe. Na Kiyoto fari ne mai zaƙi, shinkafarsa ta fi waken yawa, makonni kaɗan yake yi, abin masu hali ne da ba sa tsoron ya lalace. A Kyushu da sha'ir suke yi. Wanda ya fi burge ni shi ne Hatcho miso na garin Okazaki a jihar Aichi: wake da gishiri kawai, a zuba wajen tan shida a gangar katako, a jera duwatsun kogi wajen tan uku a kai da hannu kamar dala, a bar shi ya ga zafi biyu da sanyi biyu. Yana fitowa baƙi-baƙi, da ɗan ɗaci da ɗan tsami, kuma shi kaɗai ne na ga ana tafasa shi ya daɗe a wuta bai rasa ƙamshi ba. Kamfani biyu ne suka rage a tsohuwar unguwar, suna kallon juna a kan titi ɗaya.

Shoyu ma haka. Baƙin da ya mamaye kasuwa daga garuruwan Noda da Choshi na kusa da Tokiyo ya bunƙasa. Mai haske na Tatsuno ne a yamma, kuma kada launinsa ya ruɗe ka, ya fi baƙin gishiri. Na Kyushu kuwa sukari ake sa masa. Ranar da na fara tsoma kifi a ciki na zaci kuskure aka yi.

In kana son ganin duk wannan a kwano ɗaya, jira sabuwar shekara, lokacin da kowane gida ke yin miyar ozoni da curin dakakkiyar shinkafa mai danƙo a ciki. A gabas curin mai kusurwa huɗu ne a gasa shi a sa a romo garau. A Kiyoto da Osaka kewayayye ne a farin miso. A Kagawa har da wake mai zaƙi a cikin curin, abin da sauran 'yan ƙasar ke jinjina kai in an ambata. Akan yi gardama a kan wannan tsakanin miji da mata in yankinsu ba ɗaya ba.

Akita, inda za ka

Ka yi sa'ar lokaci. A Oktoba ake girbe sabuwar shinkafa, kuma lokacin kiritanpo ke nan. Dafaffiyar shinkafa ce ake ɗan kirɓawa, ba ta yi laushin tuwo ba, a manna ta jikin sandar itacen sugi a gasa a gefen garwashi, sannan a zare a yayyanka a tukunyar romon kazar Hinai da laimar kwaɗi ta daji irin wadda ake ci da saiwar gobo da ganyen seri. Asalinsa guzurin masu shiga daji ne a arewacin jihar, wajen Odate da Kazuno. Bahaushe ba ya baƙunta da shi, don tuwon shinkafa ne da miya a wata siffa.

Daga Disamba dusar ƙanƙara za ta rufe ko'ina, kuma a nan za ka ga dabarun da nake faɗa maka. A sauran yankuna, farar saiwar nan daikon, mai kamar ƙaton karas, a rana ake shanya ta kafin a jiƙa. A cikin Akita rana ba ta fitowa yadda ya kamata a ƙarshen kaka, saiwar sai ta daskare kafin ta bushe. Sai suka riƙa rataye ta a saman murhun tsakar ɗaki hayaƙi ya busar da ita, sannan a binne a dusar shinkafa da gishiri wata biyu ko uku. Shi ne iburigakko, kuma in ka tauna za ka rantse banda ce, alhali ba nama ba kifi. Yankin Yokote ne gidansa. Amma yana cikin matsala: dokar tsaftar abinci da ta fara aiki gaba ɗaya a Yunin 2024 ta wajabta wa duk mai sayar da irin wannan ya mallaki lasisi da ɗakin aiki na musamman, kuma yawancin masu yi tsofaffi ne da ba za su iya kashe kuɗin gini ba. Wasu sun haɗa kai suna amfani da ɗaki ɗaya, wasu sun ajiye sana'ar. Ni a ganina dokar tana da dalilinta, amma an yi asarar ɗanɗanon gida-gida da masana'anta ba za ta maido ba.

Sai kifin hatahata, wanda ke tururuwa zuwa bakin gaɓa a Disamba don yin ƙwai, daidai lokacin tsawa da guguwar hunturu. A da yakan yi yawa har ya fi ƙarfin ci, sai a zuba a ganga da gishiri shekara ɗaya ko fiye, ya narke ya zama ruwa mai ƙarfin ɗanɗano da suke kira shottsuru. Da kifin ya kusa ƙarewa, masuntan jihar da kansu suka daina kama shi tsawon shekara uku, daga 1992 zuwa 1995. Za ka kuma ga junsai, wani ɗan tsiron tafki mai santsi da ake tsinka daga cikin ƙaramin kwale-kwale. Mutanen nan suna son yauƙi kamar mu. Kuɓewa ma okura suke kiranta, kuma lalo yana nan a kasuwa da sunan moroheiya, daga Masar ya je musu.

Idan ƙanƙara ta narke a Afrilu za ka ga mutane suna hawa dutse tsinkar ganyayen daji. In an gayyace ka ka bi, amma kada ka tafi kai kaɗai. Akita tana cikin jihohin da dabbar beyar ta fi kai wa mutane hari, kuma ganye mai guba yana kama da mai kyau.

Maƙwabtanku ma kowa da labarinsa. A Hachinohe ta jihar Aomori wata iska mai sanyi da ke tasowa daga teku a lokacin noma takan kashe shinkafa, sai suka koma alkama, suna karya busasshen biskit ɗinta a miya. A Yamagata kuwa gwaza da naman shanu ake dafawa a bakin kogi da kaka, har akwai bikin da ake yi a Satumba da tukunya mai faɗin fiye da mita shida, da sabuwar motar haƙa ƙasa ake kwasar miyar.

Waɗanda teku ta yi wa nisa

A Nagano gishiri a bayan shanu da bayan mutane yake hawowa daga bakin teku, ta hanyar da har yau ake kira hanyar gishiri. A kwarin Kiso ya yi tsada har suka ƙirƙiro sunki, ganyen wata saiwa da ake tsimawa ba ko ƙwayar gishiri, sai dai a zuba ragowar na bara ya tayar da tsamin, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabon madara. Awara kuma, wadda su suke kira tofu, a daskarar da ita a sanyin dare a busar, ta yi wata da watanni. Rashin kifi ya sa suka koma wa ƙwari. Wata tsohuwa da nake saye a wurinta ta taɓa ajiye mini fara a ɗan faranti tana murmushi tana jiran in tsorata. Na cinye na ce a ƙaro, na gaya mata tamu ta fi wannan girma. Abin da ya dame ni kawai da sukari da shoyu suke dafa ta, ba yaji. Suna cin 'ya'yan rina ma, wannan kam sau ɗaya na gwada.

Kiyoto ma ba ta bakin teku. Daga garin Obama ake sa wa kifin saba gishiri, ɗan'uwan titus ɗin kasuwarmu, 'yan dako su taho da shi a ƙafa wajen kilomita saba'in cikin duwatsu, kafin su iso gishirin ya kama daidai. Daga nan sabazushi, wato sushin kifin saba, ya samu. A Nara a ganyen kaki suke naɗe shi, wata bishiya 'yar'uwar kanya. Kakan dukkan sushi kuwa yana tafkin Biwa: funazushi, kifin da ake cika wa gishiri, daga baya a danne shi cikin dafaffiyar shinkafa watanni, wani har shekaru. Shinkafar ba don ci aka sa ta ba, don ta yi tsami ta tsare kifin. Warinsa ya kori 'yan Japan da yawa, balle baƙo.

Kudu ba sanyi ne matsalarta ba. Kagawa ruwan sama ne ya yi mata ƙaranci, sai alkama da gishiri da ƙananan busassun kifi suka haɗu suka ba ta taliyar udon. Kagoshima ƙasarta tokar dutse mai aman wuta ce, dankalin Hausa ne ya karɓe ta. Nagasaki ita ce ƙofar Turawa da 'yan Sin, ta nan sukari ya shigo, da kek ɗin kasutera na mutanen Fotugal. Okinawa masarauta ce mai zaman kanta har 1879, hanin nama bai shafe ta ba, don haka alade ne ginshiƙin girkinta, ko da yake suna farfesun akuya, kuma suna soya goya, ɗan'uwan garafuni, da awara. Hokkaido kuwa in ka cire abincin 'yan asalinta, ƙabilar Ainu, yawancin abin da ta yi suna da shi sabo ne. Gasasshen naman ragonta, jingisukan, ya samo asali ne daga shirin gwamnati na kiwon tumaki don ulu a farkon ƙarni na 20.

Ka ce Hajiya ta haɗa maka daddawa. To akwai 'yar'uwarta a can, natto, waken suya da aka tsima ya yi yauƙi yana jan zare. Irin ƙwayar bakteriyar da ke nunar da kalwa ta zama daddawa ita ce ke yin natto. A da a karan shinkafa ake naɗe waken, don a jikin karan ƙwayar take zaune. Ranar da aka fara buɗe mini shi a ɗakin bincike kowa ya zuba ido ya ga yadda zan yamutsa fuska, ni kuwa gida na tuna. Bambancin shi ne su ba a miya suke sawa ba, a kan shinkafa suke ci da safe. Arewa da gabas ne ke cin sa sosai, mutanen Osaka da yawa ba sa ko kusantarsa. Yana da arha, kuma in daddawarka ta ƙare, ka busar da shi ka daka, zai riƙe maka miyar kuka.

Halal da haram

A nan dole in tsaya inda ilimina ya tsaya. Zan gaya maka abin da ke cikin kwano, hukunci kuwa na malaman fiƙihu ne.

Kayan teku ba matsala a mazhabar Malikiyya, kuma wannan ya buɗe maka rabin abincin ƙasar. Matsala ta farko alade ne, kuma ba a yankan nama kawai yake zuwa ba. Romon taliyar ramen yawanci na ƙashinsa ne, har wanda aka rubuta na shoyu ko na miso. Yana shiga garin kori, da miyar kwalba, da burodi ta hanyar kitse, da alawa ta hanyar jelatin. Na taɓa cin miyar da mai shago ya rantse mini ba nama a ciki, daga baya na gane a wurinsa ruwan nama ba nama ba ne. Ka haddace wannan alama, 豚, ita ce alade, ka riƙa duba bayan kowane ƙunshi. Kaza da naman shanu na kasuwa kuma ba yankan Musulmi ba ne, sai ka nemi shagon halal. Da yawa suna aikawa har gida a daskare.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya, ita ce giya a girki. Sake, giyar shinkafa, da mirin, wadda ke da zaƙi kuma barasarta ta kai wajen kashi goma sha huɗu cikin ɗari, suna shiga kusan duk abin da aka dafa da shoyu da sukari, har romon kiritanpo da na udon. Alamarta 酒. Shi kansa shoyu yana samar da 'yar barasa kaɗan a lokacin tsimuwa, wasu kamfanonin kuma suna ƙara wa miso barasa don kada ƙunshin ya kumbura. Musulmin da na zauna da su sun kasu: wasu suna cin shoyu da miso suna guje wa sake da mirin, wasu ba sa taɓa komai sai mai tambarin halal, kuma akwai shi yanzu. Ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ka kai masa bayanin nan yadda yake, don kada ka je kana wasiwasi a kan kowace loma. Abin da ya fi sauƙi shi ne kifin da aka gasa da gishiri kawai, suna ce masa shioyaki, da farar shinkafa, da awara, da girkin da ka yi da hannunka. Kiritanpon ma ana sayar da sandunan a kanti, ka yi romonka da kazar halal.

In kana son ganin abincin yanki na gaskiya, ba a manyan otal yake ba. Ka je tashoshin hutawa na bakin hanya da suke kira michi no eki, inda manoma ke kawo kayansu da safe da sunansu a jikin leda. Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka ce na gargajiya ne a gonarsu ya fito. Ƙasar ba ta noma ko kashi arba'in cikin ɗari na abin da take ci in an auna da ƙarfin abinci. Yawancin alkamar udon ɗin Kagawa daga Ostireliya take, waken suya daga Amurka, riɗin da suke barbaɗawa kuwa kusan duk shigo da shi ake yi, kuma Najeriya tana cikin manyan masu sayar musu.

Game da kayan Hajiya, ka ba ta haƙuri a cire kilishin da duk wani dambun nama. Japan ta hana shigo da kayan nama a jaka, akwai karnuka masu shinshina a filin jirgi, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan uku. Kuka da daddawa da yaji a daka su lukui, a ɗaure da kyau, a rubuta sunan kowanne, in ka sauka ka nuna su a teburin binciken tsirrai kafin a tambaye ka. Ka ƙara yajin fiye da yadda ta yi niyya, don barkononsu ba ya jin komai.